Kafin Ka Danna Enta, Baba

Madabo, cikin birni, Kano.
Ranar Laraba.

Zuwa ga mahaifina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Gaisuwa mai yawa tare da ladabi da biyayya. Ina fata takardar nan za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da mutanen da kake zaune a wurinsu. Allah Ya tsare ka a inda kake, Ya tsare hanyar da take kawo mana kai. Umma da kakarmu Inna da yara kowa lafiya.

Baba, ka yi haƙuri da na rubuto. Na san ba a yin haka. Irin wannan doguwar takarda uba ne yake rubuta wa ɗansa idan ɗan zai bar gida, ga shi kai ne aiki ya raba da gida, ni ce zaune riƙe da biro. Kuma ni ce 'yar fari, wadda ko sunanta ba ka kamawa. Na fara shafin nan na yage ba sau ɗaya ba, sai da Inna ta ce in ba zan rubuta ba in miƙo mata takardun ta hura wuta.

Ga abin da ya sa na yi ƙarfin hali. Ranar Lahadi kafin ka koma, kana zaune a ƙofar ɗakin Umma, ni ina wanke-wanke a gindin rijiya, sai ka ɗaga murya fiye da yadda ka saba, ka ce mata kwamfutar ofishinku ta fara ba jarirai shekara ɗari. Tun da aka shiga sabuwar shekara, duk takardar haihuwar da ta buga sai ta mayar da yaron farkon ƙarnin da ya wuce. Ka ce hedikwata ta aiko da faci a disket tare da takardar bayani, amma ba ta aiko mutum ba. Inna ta yi dariya daga ɗakinta ta ce, "To a kawo min ɗaya daga cikin jariran nan mu yi hirar da, na rasa tsara." Kai ba ka yi dariya ba. Ka ce sabon ciyaman ya faɗa a gaban mutane cewa mulkin soja ya wuce da tafiretocinsa, duk wanda kwamfuta ta gagara ya ba yara wuri, kuma ranar Litinin mai zuwa zai shigo da kansa ya ga takarda ta fita daidai.

Bayan ka tafi muka ga disket ɗin da takardar a kan jakar makarantata. Umma ta ce, "Babanku ya yi mantuwa."

Inna ta ce, "Mantuwa mai ido ke nan. Duk faɗin gidan nan ba ta sauka ko'ina ba sai kan jakar mai karatun kwamfuta."

Na kai su wa Malama Rabi, malamarmu ta kwamfuta. Na ce na wani ɗan'uwanmu ne. Ta dube ni ta ce, "Ɗan'uwan nan naku, shi ne yake biyan kuɗin makarantarki?" Na sunkuyar da kai. Ba ta ƙara tambaya ba, ta zaunar da ni a lokacin hutun tara, ta haɗa min folda ta gwaji mai suna irin taku, na yi ta maimaitawa har hannuna ya saba.

Ba wani ilimi ne da ni da ya wuce naka ba, Baba. Kurakuraina kawai zan jera maka. Kuma ina jin za ka gamu da su, domin yatsuna daga naka suka koya. Ka tuna tsohuwar tafiretar soro, wadda kake buga wa mutanen unguwa takardun neman aiki ranar Asabar. Ban taɓa zama kusa da kai ba, daga bayan labule nake leƙe. Da ka fita sallar la'asar sai in tarar an bar ta a buɗe, da sabuwar farar takarda a naɗe, an ɗora matashi a kan kujera. Na daɗe ina zaton ita ma mantuwa ce. A nan na koyi bugu, kuma duk abin da tafireta ta saba min da shi sai da ya ja min kunya a gaban kwamfuta.

Da farko dai, faci ba sabon furogiram ba ne. Kamar facin riga ne, ana ɗora shi daidai inda ya yage, sauran rigar tana nan yadda take. Takardar hedikwata ta ce ba a saka shi ta hanyar hotuna da maus, sai ta baƙin allon nan da ba komai a kai sai harafin C da ɗigo biyu da sanda, da wani ɗan layi yana ƙiftawa. Ranar da na fara ganinsa na zaci na lalata kwamfutar makaranta, na ɗora hannuwana a cinya na ƙi motsi. Ashe jira kawai yake yi a buga masa magana. Kada ya ba ka tsoro. A duk cikin kwamfuta nan ne ya fi kama da farar takarda a tafireta, sai dai launin ya juye.

Babban kuskurena na madannin Enta ne. A tafireta, da ƙararrawa ta yi ƙara sai hannu ya tafi da kansa ya ture sandar komawa, ko magana ta ƙare ko ba ta ƙare ba, a ci gaba a layi na gaba. Enta tana zaune a gefen dama kamar ba ruwanta, amma ita ba komawa layi take nufi ba. Nufinta, na gama, je ki aikata. Wata rana a zangon da ya wuce Malama ta ce in goge fayil ɗaya daga foldar ajinmu. Na buga umarnin gogewa, na buga sunan foldar, kafin in kai ga sunan fayil ɗin hannuna ya riga ya danna Enta. Kwamfutar ta yi min adalci, ta tsaya ta tambaye ni da Turanci ko na tabbata, Y ko N. Ban karanta ba. Na ga an tambaye ni abu, na ce to, yadda nake ce wa kowa. Na danna Y. Aikin 'yan ajinmu gaba ɗaya ya tafi.

Saboda haka, Baba, duk layin da ka buga, ka janye hannunka ka karanta shi daga farko zuwa ƙarshe kafin ka taɓa Enta. Kafin Enta komai yana goguwa da madannin da ke da kibiya mai kallon hagu, ba a bukatar farin ruwan gogewa. Bayan Enta kuwa sai dai haƙuri. Idan ta yi tambaya, ka karanta tambayar. Turancinka ya fi nawa nesa ba kusa ba. Na faɗi wannan ne domin na sha ganin mutum ya zo soro da takarda lokacin da abincinka yake hucewa, ka ce masa to. Ita wannan ba ta jin haushi in an ce mata N.

Abin da na yi bayan gogewar ya fi gogewar muni. Na kashe kwamfutar na koma kujerata kamar ban san komai ba. Sai washegari na faɗa, bayan wani aji ya shiga ya yi aiki a kanta. Malama ta ce, "Da kin faɗa min jiya da na dawo da su kafin ki gama kuka. Kunya a gaban suruki ake yin ta, ba a gaban injin ba." In wani abu ya fito wanda ba ya cikin takardar nan, kada ka kashe, kada ka yi ta danne-danne. Ka kwafe abin da ta rubuta a takarda harafi da harafi. In ta kama a tambayi yaron nan mai difloma da Umma ta ce an kawo ofishinku, a tambaye shi. Wanda ya zo da saƙon a rubuce daidai ya ce ga inda na tsaya, ba a kallonsa kamar wanda bai san komai ba.

Yanzu ga aikin kansa. Ka zaɓi safiya kafin masu karɓar takarda su cika baranda. Ka fara tambayar mai janareto ko akwai mai, in da hali a tayar da shi tun kafin ka fara, ko da akwai wuta. Ni an taɓa ɗauke min wuta ina tsakiyar kwafe fayil, ya fito rabi, ba ya buɗuwa ba ya amfanuwa. Facin da ya tsaya a rabi ya fi rashin faci illa.

Ka rufe furogiram ɗin takardun haihuwa tukuna, ka fita zuwa baƙin allo. Sannan ka buga:

CD \REG

Tsakanin CD da sandar akwai tazara ɗaya. Sandar kuma ba irin ta tafireta ba ce da muke raba rana da wata da ita. Wannan kanta yana karkata hagu, tafiretarmu ba ta da ita sam. Na ɓata rabin lokacin tara ina buga waccan, ina mamakin abin da ya hana. Ka neme ta kusa da Enta.

In ya yi, rubutun gefen hagu zai canza ya zama C:\REG. Ka riƙa duba wurin nan kafin kowane umarni, shi ne yake gaya maka inda kake tsaye. Na taɓa yin aikina duka daidai amma a foldar da ba ita ba, kamar baƙon da ya shigo lungunan Mandawari ya yi sallama mai kyau a ƙofar gidan da ba shi aka kwatanta masa ba.

Kafin a taɓa faci sai an yi ajiya. Takardar hedikwata ba ta faɗi wannan ba, Malama ce ta ƙara, ta ce wanda ya saba saka kabon ba sai an yi masa dogon bayani ba. Za ka buɗe sabuwar folda, ka zuba kwafin komai a ciki:

MD \SAFIYA

COPY *.* \SAFIYA

Ka yi haƙuri da sunan da ka gani. Malama ce ta buga shi a wurin gwaji, ni kuma ina tsoron in canza abin da na gwada na ga ya yi. Zan dawo kan maganarsa a ƙasa. Tauraro, ɗigo, tauraro, a manne ba tazara, ma'anarsu duk abin da ke nan. Za ka ga sunaye suna gudu a allo, a ƙarshe ta faɗi yawan fayilolin da ta kwafe. In ba ka ga wannan ba kada ka wuce gaba.

Sai ka saka disket, gefen ƙarfen ya fara shiga, takardar jikinsa tana kallon sama, har ka ji ya yi ƙas. Ka buga DIR A: don ka ga abin da ke ciki. A makaranta na ga sunan facin, PATCH01 ne.

A nan ne nake jin tsoro, Baba, domin a nan na fi daɗewa. Tafiretarmu ba ta da lamba ɗaya, ƙaramin harafin L muke bugawa a madadinta, sifili kuma mu buga babban O. A takarda ba mai ganewa, kai ma haka ka yi shekara da shekaru ba wanda ya taɓa dawo maka da aiki. Kwamfuta tana ganewa. Na buga sunan da O da L, ta ce "Bad command or file name." Na sake, ta sake. Ina kallon allon ina kallon takarda, iri ɗaya sak a idona. Har na fara jin kamar ni take kira bad. Malama ta tsaya a bayana ta kalli yatsuna, ba allon ba, ta ce, "Wa ya koya miki bugu? Wannan hannun tsohon akawu ne." Na ce ba kowa. Ta ce, "To ki gaida min ba kowa, ki ce masa lambobi suna layin sama."

Don haka sifili da ɗaya na ƙarshen sunan, ka ɗauko su daga layin lambobi na sama. Ka yarda ka kalli madannan sau ɗaya, na san ba ka saba ba. In ma saƙon nan ya fito, ba zagi ba ne kuma ba abin da ya lalace. Cewa take ba ta gane sunan ba, a sake.

Ka tabbata gefen hagu yana nuna C:\REG har yanzu, sannan ka buga:

A:PATCH01

Ka karanta, ka danna Enta, ka ɗauke hannunka gaba ɗaya. Wata 'yar fitila za ta kama kusa da ramin disket, za ka ji yana gurnani. Muddin fitilar tana ci kada ka zare shi. Ni na taɓa zare wani disket a makaranta don na ji ƙarar ta yi yawa na zaci yana cinyewa ne, kamar yadda kaset yake yi a rediyon Umma. Ashe karatu yake. Disket ɗin bai ƙara aiki ba. Kuma a danna madannan a hankali, ba ribon da za a buga ya fito. Malama ta ce tun daga ofishinta take jin lokacin da na zauna.

Akwai wuri ɗaya da ban gani da idona ba, gara in faɗa. Kwamfutar makaranta ba ta da furogiram ɗinku, saboda haka da facin ya tashi ya duba bai same shi ba, sai ya tsaya. Abin da zai biyo baya daga takardar hedikwata na karanto. Ta ce zai tambaya ko a ci gaba, a nan Y ce amsa, sannan a jira har ya rubuta cewa ya kammala. Daga nan kai ne za ka ga abin da ni ban gani ba.

In ya kammala kuma fitilar ta mutu, ka zare disket. Ka buga DATE ka ga ko ita kanta kwamfutar ta san shekarar da muke ciki. In daidai ne ka danna Enta kawai ba tare da ka rubuta komai ba. Sannan ka buɗe furogiram ka buga takardar gwaji ɗaya da jaririn da aka haifa a bana, ka riƙe ta a hannu ka duba shekarar da idonka, tun kafin wani ya shigo. Kada ranar Litinin ta zama ranar farko da za ka gani.

In kuma, Allah Ya kiyaye, furogiram ya ƙi buɗuwa bayan facin, ba a rasa komai ba. Ka koma baƙin allo ka buga:

COPY \SAFIYA\*.* \REG

Za ta tambaya ko ta ɗora a kan waɗanda suke nan. Ka danna A, wato duka. Komai zai koma yadda yake kafin ka fara, jarirai su koma tsufansu, kai kuma ka sami sararin aika wa hedikwata abin da ka kwafe. Ko a haka ciyaman ya tarar da kai, zai tarar da mutumin da ya gwada bai ɓatar da takardar kowa ba.

Jiya ina karanta wa Umma layukan nan don in ji ko sun fito, ta ce ita ba ta gane ko ɗaya ba amma ta ji kamar ana kiran sunana a ciki. Inna ta ce, "Kin sa shi a tsaka mai wuya, 'yar nema. Mutumin da in zai ce a kira ki sai ya ce ina yayarsu." Na ce ai zan canza. Ta ce, "Bar shi. Ranar sunanki wa ya buga takardar haihuwarki? Shi ne, a tafiretar nan ta soro, ya rufe ƙofa kamar mai ƙirga gado. Bakinsa ne yake kunya, yatsunsa ba ruwansu."

Ni dai ga abin da zan ce. Kana iya sa kowane suna, KANO ko MADABO ko wani, muddin bai wuce harafi takwas ba, kuma ka canza shi a duk wuraren da ya fito, kada a bar ɗaya. Malama ta ce sharaɗin kawai ya zama sunan da ba zai ɓace maka ba ko hankalinka ya tashi, wanda kuma wani ba zai gani ya zaci shara ce ya goge ba. Lokacin da ta ce kowa ya buɗe tasa foldar a aji, ni BABA na sa wa tawa. In ka bar shi yadda na rubuta, kwamfuta ba ta karantawa da murya. Ba wanda zai ji.

Na saka disket ɗin a cikin ambulan na naɗe da kwali don kada ya lanƙwashe, tare da takardar hedikwata. Malam Ado direba zai taho da su gobe da safe. Umma ta haɗa da yaji da kuka, ta ce a ajiye ledar nesa da disket, na ce mata ba ya jin yaji, ta ce a dai ajiye.

Allah Ya sa a fara a sa'a, Ya riƙe wutar har a gama, Ya sa takarda ta fita daidai ranar Litinin da duk ranakun da ke bayanta. Allah Ya rufa maka asiri a gaban manya da yara kamar yadda kake rufa mana, Ya kare ka daga sharrin hanya da na baki, Ya dawo mana da kai lafiya. In na yi rashin kunya a wani layi, a yafe min, ban iya rubuta shi ta wata hanya ba.

Ba sai ka ba ni amsa ba. In ka zo gida, ka faɗa wa Umma yadda aka yi da irin muryar rannan, zan kasance a gindin rijiya. Akwai sauran abubuwa da na koya, yadda ake gyara firinta in ta cije takarda da yadda ake duba disket kafin a yarda da shi, amma ba zan sake rubutowa ba sai da izininka. In ka yarda, Baba, ka sake yin mantuwa a kan jakata.

'Yarka mai biyayya,
Safiya